Matsattsun haruffa masu kauri a allon shago: yaya ake yi su karantu daga nesa?

Mai Zanen Garwa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'a. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a aikin nan.

Akwai allon wani shagon kayan gini a nan Garwa ta Kamaru da ke hannuna. Faɗinsa mita 3, tsayinsa santimita 80. Za a buga shi a bash, wato ledar bugawa da 'yan Najeriya ke kira bana, a ɗaura a firam na ƙarfe a saman ƙofa. Shagon yana bakin kwalta, galibin masu ganin allon a kan babur suke. Mai shagon yana son rubutun nan dogo, mai kauri, matsattse, irin na jikin kwantena da buhun siminti. Babban layi shi ne KAYAN GINI DA ƘARAFUNA, a ƙasansa QUINCAILLERIE GÉNÉRALE da Faransanci, sai lambar waya. Yana kuma son rubutu iri ɗaya a sitikar ƙofar gilashi da rigunan yaran shago.

Abubuwa uku suka tsaya mini. Na matse salon haruffan Arial Black daga gefe don layin ya shiga, ya shiga kuwa, amma ya yi muni, ban gane daga ina munin yake ba. Da na koma Impact da Bebas Neue sai harafin Ƙ ya fito da wata siffa daban, siriri, ba kamar sauran ba. Sannan gwajin da na buga, idan mutum ya ja baya sai GINI ya dunƙule ya zama sanduna kawai. Wane salon haruffa ya dace, kuma wane awo kuke bi? Allah ya saka da alheri.

Malam Mai Allo, Marwa:

Wa'alaikumus salam ƙanena. Fara da sakin Arial Black ɗin da ka matse, wannan ba ya gyaruwa. Kowane harafi yana da sandunan tsaye da na kwance, kuma wanda ya zana shi da gangan ya sa na kwancen sun ɗan fi siranta, domin ido yana ganin layin kwance ya fi kauri ko da awonsu ɗaya ne. Idan ka kama gefen rubutu a manhajar zane ta CorelDRAW ka tura shi ciki zuwa kashi 60 cikin ɗari, sandunan tsaye kaɗai ke ramewa, na kwance suna nan yadda suke. Shi ya sa E da T da H suka yi nauyi a kwance ƙafafunsu suka zama sirara, O da G kuma suka yi kauri sama da ƙasa. Daga nan munin yake. Ka riƙa ja daga kusurwa, ko ka kulle ɗan kwadon da ke gefen akwatin awo. Matsewar kashi 3 zuwa 5 ido ba ya kama ta. In ta wuce haka, salon za ka canza.

Wanda mai shagon ke kwatantawa gida biyu ne. Akwai na Jamus, DIN 1451, wanda ya zama ƙa'idar hukuma a 1936 don allunan hanya da injuna, matsattsensa kuma sunansa Engschrift. Idan kwamfutarka Windows 10 ce ko 11, akwai Bahnschrift a cikinta tun 2017, a kan DIN aka gina shi, yana da matsattse mai kauri. Akwai kuma na Amurka, zuriyar Alternate Gothic da Morris Fuller Benton ya zana a 1903. League Gothic farfaɗo da shi aka yi, Oswald na Vernon Adams ma daga irinsa ya fito. Bebas Neue na Ryoichi Tsunekawa ne, ɗan Japan, ya fito a 2010. Anton ya fi su duka kauri. Barlow Condensed yana da nauyi kala-kala, daga siriri har baƙi ƙirin. League Gothic, Oswald, Bebas Neue, Anton da Barlow Condensed duk kyauta suke a shafin Google Fonts.

Impact, wanda Geoffrey Lee ya zana a Ingila a 1965, ba zan ba ka shi don allon bakin titi ba. Kogon haruffansa, wato filin da ke cikin A da R da N, ƙanƙani ne ƙwarai. Daga nesa kuwa wannan filin ne ido ke riƙewa ya bambanta harafi da harafi. Kauri yana jawo ido, amma filin da babu tawada shi ke sa a karanta. Anton ma kusan haka yake. Ni a ganina Oswald SemiBold, ko Bebas Neue, ko Barlow Condensed Bold sun fi dacewa da aikinka.

Ga lissafin. Cire santimita 10 kowane gefe, saura 280. Layinka gurbi 22 ne idan an haɗa da filin tsakanin kalmomi, kowane gurbi ya samu santimita 12.7 ke nan. Harafin Arial Black faɗinsa kusan tsayinsa ne, don haka ba zai wuce santimita 13 ba. Bebas Neue faɗinsa ya ɗan haura rabin tsayinsa kaɗan, zai ba ka kusan 22. Amfanin matsattsen harafi ke nan, tsayi a filin da bai ƙaru ba. Awon da masu allo ke bi shi ne santimita 1 na tsayin harafi ga mita 1.2 na nisa in ana son karatu ba wahala. Santimita 22 ya kai mita 26, amma ga matsattse ka rage kashi ɗaya cikin huɗu, ka ƙaddara mita 20.

Dunƙulewar GINI kuwa tazara ce. I da N da I sanduna huɗu ne a tsaye a jere. Idan filin da ke tsakanin I da N ya fi na cikin N ƙanƙanta sosai, ido ba ya sanin inda harafi ya ƙare. UIN da ILL na QUINCAILLERIE ma haka za su yi maka. Buɗe tazarar layin duka: a Illustrator ko Photoshop, a akwatin tazarar haruffa, ka sa +30 zuwa +50 ga babban layi, +75 zuwa +100 ga ƙaramin. A CorelDRAW ɗauki kayan gyaran siffa da F10, ka ja kibiyar da ke ƙasan dama ta rubutun. Abin da kake nema shi ne filin tsakanin sanduna biyu na tsaye ya kai aƙalla biyu bisa uku na filin cikin N.

Bayan nan sai ka bi su bibbiyu. KAYAN akasin GINI ne: A da Y da A karkatattu ne, suna barin rami a tsakaninsu, sai an matso da su. A CorelDRAW kama ɗan akwatin da ke gindin harafin ka ja kana danne da Ctrl don kada ya sauka daga layi. A Illustrator sa alamar rubutu tsakanin haruffan biyu ka danna Alt da kibiyar hagu. Kada ka manta da filin tsakanin kalmomi. Da zarar ka buɗe haruffa shi ma sai an ƙara masa, ya kai kusan faɗin E, in ba haka ba GINI DA zai haɗe.

Kafin ka kai wurin bugawa, fitar da allon a A4 a kan ɗaya bisa ashirin, wato santimita 15 da 4. Manna a bango. Tsayuwa a mita 1 daidai yake da mita 20 a titi, mita ɗaya da rabi kuma mita 30. Kira wanda bai san abin da aka rubuta ba ya karanta.

Hajiya Mai Ɗab'i, Ngaundere:

Malam ya gama da tazara, bari in ɗauki maganar Ƙ, don ita ce ke ɓata allunan Hausa da na Fulatanci a garuruwanmu.

Ɗana, Ƙ ɗin da ka gani ba na Impact ba ne, ba na Bebas Neue ba ne. Babu shi a cikinsu. Idan manhaja ta nemi harafi ta rasa, sai ta aro daga wani salon ta cusa ba tare da ta faɗa maka ba, wani lokaci kuma ta sa akwati. Manhajojin waya da ake haɗa fosta da su sun fi yin wannan aron a ɓoye. Yawancin matsattsun haruffan talla an zana su ne don harsunan Turai, ba a sa masu ƙugiya a ciki ba.

Duk salon da za ka ɗauka, fara rubuta wannan da shi: Ɓ Ɗ Ƙ Ƴ Ŋ É È Ç Œ da lambobi 0 zuwa 9. Ƴ da Ŋ saboda Fulatanci ne, wanda babu mai aikin allo a Garwa ko Marwa da zai kauce masa. In kana son tabbaci, buɗe Character Map na Windows, zaɓi salon, ka nemi lambar harafin: Ɓ 0181, Ɗ 018A, Ƙ 0198, Ƴ 01B3, Ŋ 014A. Ƙananan kuma ɓ 0253, ɗ 0257, ƙ 0199, ƴ 01B4. Abin da ba ya cikin jadawalin, babu shi.

Hanya mafi sauƙi ita ce Noto Sans. Yana da dukkan haruffan nan, yana kuma da ExtraCondensed, wato mafi matsewa, a nauyin ExtraBold da Black, wato mafi kauri. Bai kai DIN kama da rubutun masana'anta ba, siffarsa ta fi laushi, amma ba zai ba ka kunya ba.

In kuwa mai shagon ya kafe a kan Bebas ko Oswald, ƙugiya ɗaya ce a layinka, zana ta da hannu. Rubuta K da J da salon, a girma ɗaya, ka mayar da su zane, wato siffar da ake iya yankawa a gyara. Yanke lanƙwasar gindin J. Don Ƙ, juya ta digiri 180 yadda za ta hau sama ta lanƙwasa dama ta sauko, ka karkata ta daidai da hannun K na sama, ka rage hannun kaɗan don ƙugiyar kada ta haura kan sauran haruffa, sannan ka haɗe su da umarnin Weld na CorelDRAW su zama jiki ɗaya. Don Ɓ da Ɗ, kifa lanƙwasar J sama ta koma ƙasa, ka dasa ta a kan sandar hagu, ta fita hagu ta sauko. Kaurinta ya zama na sandar kwance ta salon, saukowarta kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsayin harafi. Mutane suna yin ta ƙarama don kada ta ɓata tsari, sai ta ɓace daga mita 10, allo ya koma KASA inda ake nufin ƘASA. Ka bar ɗan fili tsakanin bakin ƙugiyar da jikin harafin wanda bai gaza rabin kaurin sanda ba, ka kuma ƙara tazara a gefen da ta fito, don ƙugiyar Ƙ tana son taɓa harafin da ke binta, ta Ɗ kuma wanda ya gabace ta.

Mai yawan aikin Hausa gara ya yi wannan sau ɗaya a FontForge, manhaja ce ta kyauta, ya ajiye haruffan a gurabensu. Lasisin OFL na haruffan kyauta, wanda Oswald da Bebas Neue da Barlow ke ƙarƙashinsa, ya yarda a gyara, sai dai ka ba wanda ka gyara sabon suna, kada kuma ka sayar da shi shi kaɗai. Impact da Bahnschrift ba sa cikin wannan lasisi, kada a taɓa fayil ɗinsu.

Saura ƙananan abubuwa. GÉNÉRALE yana da É biyu, kuma ƙa'idar Faransanci ita ce babban harafi ma yana riƙe alamarsa. Alamar tana hawa sama da kan harafi da kusan kashi ɗaya cikin biyar na tsayinsa, don haka daga kanta za ka auna tazarar layi, in ba haka ba za ta soki gindin layin Hausa. Idan akwai 'YAN ko 'YA'YA a wani allon, duba waƙafin sama na farkon kalma: manhaja takan juya shi ya zama na buɗe zance, alhali wanda ake so shi ne mai kama da 9. Bebas Neue kuma ba shi da ƙananan haruffa, ko ka rubuta da ƙanana manya zai nuna. Rubuta da manyan gaske, don ranar da aka buɗe fayil ɗin a kwamfutar da ba ta da shi kada rubutun ya fito a gauraye.

Mai Fulota, Kusiri:

Sannunku da aiki. Ni ɓangaren inji zan taɓa.

Kafin fayil ya bar hannunka, ajiye kwafi ɗaya mai gyaruwa, ɗayan kuma ka mayar da rubutun duka zane: Ctrl+Q a CorelDRAW, Ctrl+Shift+O a Illustrator. Fitar da PDF. In ta WhatsApp za ka aika, aika shi a matsayin fayil. Hoton da aka tura kai tsaye ana rage masa nauyi, bakin haruffa ya yi zaƙo-zaƙo, kuma dogayen sandunan matsattsen harafi ba sa ɓoye wannan a mita 3. In ka yi aikin a kan ɗaya bisa goma, rubuta haka a sunan fayil ɗin.

Bash mai giram 440 a kowace murabba'in mita ya isa wannan girman. Ƙara santimita 5 kowane gefe na naɗewa a bayan firam, launin bango ya bi har can. Idan da igiya za a ɗaure, zoben ƙarfe kowane santimita 50, kada harafi ya kusanci baki da ƙasa da santimita 6. Baƙin manyan haruffa ka haɗa shi C60 M40 Y40 K100, wato kason tawada huɗu na injin bugawa, K shi ne baƙi, don K100 kaɗai toka-toka yake fitowa a bash. Ƙananan rubutu K100 zalla, saboda in launuka huɗun suka ɗan goce wa juna sai bakinsu ya yi inuwa.

Tawada tana ɗan bazuwa. A harafin santimita 22 wannan ba komai ba ne, dunƙulewar da ka gani ta tazara ce kamar yadda Malam ya ce. A ƙananan aiki ne take cizo. Baƙi a kan fari yana kumbura ya cinye kogonsa, fari a kan launi mai duhu kuma yana ramewa. Don haka abin da ya gaza santimita 1 kada a yi shi da nauyin Black, a sauko Medium ko SemiBold.

Sitikar gilashi: matsattsen harafi da ya gaza santimita 2 wahala ce. Kogon A da R yana sauka ƙasa da milimita ɗaya da rabi, wurin tsince ɓawon sai ya taho da jikin harafin. A fulota, wato injin yanka sitika, wuƙar digiri 45 ga sitika ta yau da kullum, gocewar bakin wuƙa milimita 0.25, ka rage gudu. In kusurwoyin E da N suka fito a dunƙule, gocewar ta yi kaɗan. In suka fito da ƙaho, ta yi yawa. Wuƙar ta yanke sitika ta bar alama kawai a takardar baya. Ƙugiyar da Hajiya ta ce a zana, tabbatar an haɗe ta da gaske. Duba a Wireframe, inda manhaja ke nuna layukan zane zalla. Idan zane biyu ne ɗaya kan ɗaya, fulota za ta bi layin kowanne, Ƙ ya fito gida biyu. In daga cikin shago za a manna a karanta daga waje, juya rubutun kamar a madubi kafin yanka.

Lokacin mannawa ma yana da muhimmanci. A watan Afrilu zafi yana haura digiri 40 a nan, gilashin da rana ta buga yana kama gam nan take, dogayen haruffa kuma suna miƙewa su karkace in ka ɗaga za ka gyara. Yi da sassafe ko a inuwa. Lokacin hunturu goge gilashin da barasar goge-goge daf da mannawa, ƙura ba ta jira. Sitika mai arha tana tsukewa a rana ta bar layin gam a gefen haruffa, ƙura ta zauna a kai, filin tsakanin haruffan da ma ƙanƙani ne ya ƙara duhu.

Riguna: ledar da ake yankawa a manna da injin zafi ita ma a juye ake yanka ta, galibi digiri 150 zuwa 160 na daƙiƙa 10 zuwa 15, amma bi takardar wanda ya yi ta. In sirigirafi ne, wato buga tawada ta cikin raga, raga mai 43T, zare 43 a santimita, tana zuba tawada da yawa, filin da ya gaza milimita 1 toshewa yake yi. Ga ƙaramin rubutun aljihu a ɗauki 77T. In kuma mai shagon zai so feshin fenti a jikin durum ko ƙofar ƙarfe, sai an bar gada, wato ɗan haɗin da ke riƙe kogon harafi a kwalin feshi, a A, B, D, O, P, Q, R, Ɓ, Ɗ da 0, 4, 6, 8, 9, faɗinta kusan rabin kaurin sanda, kada ta gaza milimita 3. Big Shoulders Stencil matsattse ne da ya zo da gadojinsa. Fesa daga santimita 20 zuwa 25, sama-sama sau biyu, don fenti mai yawa yana bi ta ƙarƙashin kwali ya cike gadar.

Ɗan Injamena:

Malam Mai Allo, lissafinka daidai ne, amma ina da ja a kan barin layin yadda yake. An auna kamar mai karatu yana tsaye a gaban allon. Mai babur kuwa daga gefe yake hango shi. Allon da ke manne da fuskar shago, in ka kalle shi a karkace digiri 45, faɗinsa yana komawa kusan kashi 70 cikin ɗari. A digiri 60 rabi yake komawa. Tsayi bai canza ba. Ke nan titi da kansa yana ƙara matse harafin da ma matsattse ne. Mai tafiyar kilomita 36 a awa yana cin mita 10 a daƙiƙa ɗaya, mita 20 ɗin nan daƙiƙa biyu ce. Kalmomi huɗu da layin Faransanci da lamba ba sa karantuwa a daƙiƙa biyu.

Shawarata, ɗan'uwa, ka lallashi mai shagon a rage. KAYAN GINI kaɗai a sama, gurbi 10. Cire santimita 6 sama da ƙasa, saura 68. Ba babban layi 40. Da Bebas ko Oswald zai ci kusan mita biyu da kwata, ka samu rarar da za ka buɗe tazara yadda kake so. Sauran 28 ɗin: fili 6, layi na biyu 9, fili 4, lamba 9. ƘARAFUNA ya sauko layi na biyu tare da Faransancin. Matsattsen harafi ya fi kyau da kalma ɗaya ko biyu a babba. In aka mayar da shi hanyar cusa magana mai yawa, an kashe amfaninsa.

Kada kuma komai ya zama salo ɗaya. Ƙananan layuka su samu mai faɗi, kamar Barlow na yau da kullum ko Noto Sans, sai ƙugiyar Ƙ ta zo a shirye in Noto ne. Lambar waya musamman. A matsattse mai kauri 3 da 8, 6 da 8 da 9, 1 da 7 suna rikiɗa, lamba ɗaya kuwa in ta ɓace an rasa mai saye. Ta Kamaru lambobi tara ce, raba ta ɗaya sannan bibbiyu. Tamu ta Cadi takwas ce, bibbiyu sau huɗu.

Ga masu aiki a Kusiri da nan, inda allo ke ɗaukar Larabci saboda masu tsallaka gadar Ngeli: Larabci ba a matse shi, ba a kuma buɗe tazarar haruffansa, don a haɗe suke, buɗewa tana tsinka su. Nemi mai kauri kamar Noto Kufi Arabic Bold ko Cairo Black, ka daidaita kaurin sandar alif da na sandar I, ka tabbatar ɗigo biyu da uku ba su narke sun zama ɗaya ba daga nesa. In haruffan suka fito a rarrabe daga hagu zuwa dama, manhajar ce ba a kunna mata rubutun dama ba. A ba wanda ya iya karatun ya duba kafin a mayar da shi zane.

Mai Zanen Garwa:

Na gode ƙwarai Malam, Hajiya, da 'yan'uwa. Mai shagon ya yarda da KAYAN GINI kaɗai a sama, na ɗauki Oswald SemiBold, ƙananan layuka Noto Sans. Yanzu yana son bango ja, rubutu fari da inuwa baƙa a bayansa, da ɗan karce-karce a jikin haruffan kamar tsohon ƙarfe. Wannan zai yi?

Malam Mai Allo, Marwa:

Fari a kan ja mai duhu yana karantuwa. Gwada shi haka: mayar da zanen baƙi da fari a kwamfuta, in rubutu da bango suka kusanci juna a toka, canza. Ja a kan baƙi ko a kan shuɗi ba ya tsallake wannan gwaji. Sai dai ka gaya masa ja yana cikin launukan da rana ta fi saurin kodarwa a bash, in allon yana kallon yamma zai ga haka da wuri. Baƙi a kan ruwan ɗorawa ya fi jurewa, don ko bangon ya koɗe baƙin yana nan, shi ne kuma launin injinan gini.

Inuwar ce ban yarda da ita ba. Tana faɗawa daidai cikin filin da ka sha wahalar buɗewa tsakanin I da N. In dole sai an yi, ta zama mai kaifin baki, ba mai hayaƙi ba, ta sauka ƙasa fiye da yadda ta fita gefe, fitarta gefe kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na tazarar, ka kuma ƙara +10 zuwa +20 a tazarar layin. Layin da ake zagaye harafi da shi ma haka yake cin fili, a sa shi a bayan harafin, siriri.

Karce-karcen a bar shi a tsakiyar sanduna masu kauri na babban layi kaɗai. Kada ya taɓa bakin harafi, ko sandar tsakiyar A da G, ko ƙugiyar Ƙ, ko lambar waya, kada kuma ya ci fiye da kashi 10 na jikin harafin. Yi shi a kwafin bash kawai. Fayil ɗin sitika da na riga su tafi da haruffa lafiyayyu, domin kowane ɗigon karce wurin yanka ne ga wuƙar fulota, kuma da hannu za a tsince shi ɗaya bayan ɗaya.